Dada Ba Ta Karɓar "Da Sauƙi"

A gidanmu na Falgore ba don tatsuniya ake hura wuta ba, wutar jego ce. Kakarmu, wadda manya da yara ke kira Dada, ita ce mai yi wa matan danginmu wankan jego. Duk wadda ta haihu, 'yarta ce ko 'yar ɗan'uwanta, gidanmu take tahowa ta yi arba'in ɗinta. Da la'asar ake ɗora ruwa a wani rabin duro da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin, a cusa ganyen darbejiya, a tura itace. Kafin magariba an yi wa mai jego wanka. Da an yi salla an ci tuwo, garwashin ya zama namu. Mu binne rogo da gyaɗa a toka, Dada ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, muna tare da ita har a kira isha.

In babu mai jego, babu wuta, domin Dada ba ta wasa da itacenta. In kuwa babu wuta, ko za ka yi birgima a ƙasa ba za ta buɗe baki ta yi maka tatsuniya ba. Shi ya sa mu yaran gidan, Allah ya yafe mana, da mun ga wata 'yar'uwa ta zo gaisuwa ciki ya turo riga, sai mu shiga murna muna ƙyaftawa juna ido. Wallahi ba jaririn ne a gabanmu ba.

Ni a hannun Dada na tashi. Mahaifiyata Rabi, 'yarta ta fari, ta rasu ina da kwana tara a duniya, a ɗakin nan da masu jego ke kwana. Ban san fuskarta ba, amma yabonta na haddace shi tun kafin in haddace Fatiha. Duk tsohuwar da ta gan ni sai ta dafa kaina ta ce Allah ya jiƙan Rabi, mace mai dauriya, har ta koma ga Allah ba wanda ya ji ta ce wash. Ni kuma sai in ji kaina ya yi girma. Na ɗauki abin nan tamkar gadona. In ƙaya ta soke ni sai in cije leɓe, in zazzaɓi ya kama ni sai in ce barci nake ji. Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne, Dada tana amsa addu'ar da amin, amma yabon ba ta taɓa tanka shi ba. Sai ta miƙe ta ce bari ta duba akuyoyi.

Kowa ya san yadda muke. In aka ce maka yaya jiki, amsar guda ce, da sauƙi, ko da kuwa a kwance kake ba ka iya ɗaga kai. To, Dada ba ta yi wa mai jego wannan tambayar. Safe da yamma takan zauna a bakin gado, ta danna babban yatsanta a ƙafar mai jego ta ga ko wurin zai loɓa, ta ja fatar idonta ta ga ja ne ko fari, sannan ta ce, "Ina ke ciwo?" In aka ce mata da sauƙi, sai ta ja tsaki ta ce gaisuwa tun da asuba aka gama ta, yanzu tambaya take yi. Mai jego a gidanmu ba ta shara, ba ta daka, ba ta kusantar rijiya. Ita ake fara zuba wa abinci, kafin ma a kai na maza zaure, kuma tsokar da ta fi kyau tata ce. Masu zuwa barka in suka wuce kai tsaye wurin jariri, sai Dada ta ce su dawo su fara gaida wadda ta sha wuyar. Matan unguwa suna cewa ta cika fitina, ta ji su sarai, ko a jikinta.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda da ba ta taɓa bari a yi jego a gama ba ta yi ta ba. Yammacin da ya fi zauna mini a rai ina da shekara tara. Yafendo Hansai, ƙanwar mahaifiyata kuma autar Dada, ita ce ta zo wankan gida da ɗanta na fari. Mace ce mai kunya ƙwarai, a gaban mutane ko kallon jaririn ba ta yi. Ranar kwana na shida ne, gobe suna. Gida ya cika da baƙi daga Rogo da Karaye, rago na ɗaure a gindin ɗorawa, an jiƙa shinkafar waina.

Kwana biyu ke nan Yafendo ta ce ta iya wankan, za ta yi da kanta. Ni na gan ta tana wanke zannuwanta a ɓoye tana shanyawa a bayan rumbu, na kuma gan ta ta fito daga wanka tana dafa bango. Ban ɗauka komai ba ne. Dada kuwa ta gani, ta kuma duba idonta ta ga ya yi fari. Sau uku ta tambaye ta ina ke ciwo, sau uku aka ce mata da sauƙi. Ta san halin 'yarta, in ta matsa mata a gaban baƙi sai ta ƙara ƙulle baki. Da muka taru a bakin wuta sai na ga ta ɗauki kujerarta ta matsar da ita daf da ƙofar ɗakin jego, ta juya wa labulen baya.

Dada tana da yadda take buɗe tatsuniya. Takan ƙwanƙwasa gefen duro da muciya sau uku ta ce baƙuwa ta yi sallama, mu kuma mu haɗa baki mu ce a shimfiɗa mata tabarma. Ranar ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, har wata baƙuwa ta ce ko yaran nan kurame ne.

Wai an yi wata mata da garinsu ke kira Ta-Dauriya. Ta haihu da daddare, da gari ya waye aka same ta a bakin turmi. Mutane suka yi ta yabo. Ana nan sai Ƙafafunta suka aika wa Baki, suka ce kai ne kake magana da yawunmu duka, ka gaya wa mutanen gida mun kumbura. Baki ya ce, ni, a gaban suruka? Allah ya kiyaye. Da aka zo aka ce yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. Washegari Baya ya aiko ya ce tulu ya kusa karya shi. Idanu suka aiko suka ce suna ganin taurari da rana tsaka. Ciki ya aiko ya ce kullum sai baƙi sun ci sun rage ake tunawa da shi. Duk saƙon da ya zo, Baki ya haɗiye shi, domin shi Baki ba abin da yake so irin a yaba wa uwar ɗakinsa ya washe haƙora.

Da Ƙafafu suka gaji, sai suka ƙulle kayansu a ɗankwali suka yi yaji. A nan kullum muke fashewa da dariya, wani ya tambaya wai ina ne gidan iyayen ƙafa. Dada ta ce, ba ta ko murmushi, Unguwar Takalma mana, can bayan kasuwar Rogo, in mun je ta nuna mana. Baya ma ya bi su, Idanu suka bi, Ciki ya bi. Daga ƙarshe Nono ya duba ya ga ba kowa, ya ce shi ma ba zai zauna shi kaɗai ba. Ta-Dauriya ta zube a tabarma kamar buhun da aka juye. Jariri na ta tsala kuka. Ba wanda ya rage sai Baki, kuma duk wanda ya leƙo, da sauƙi yake ce masa.

Sai wata tsohuwa ta ɗauki sandarta ta tafi biko. Ta bi su gida gida. Ƙafafu suka ce sai dai in za a riƙa ɗora su a kan matashi. Baya ya ce kwana arba'in kada ya ga tulu ko taɓarya. Ciki ya ce shi za a fara zuba wa. Idanu suka ce in jariri ya yi barci su ma a bar su su rufe, ko da rana ce. Tsohuwa ta ce duk ta ji. Sai suka ce saura ɗaya, wadda ta fi duka. Ba za su koma ba sai Baki ya kira sunansu ɗaya bayan ɗaya a gaban mutanen gida, ya faɗi abin da ke damun kowa. Tsohuwa ta dawo ta gaya wa Baki. Baki ya ce shi kam da kunya. Aka yi ta lallashi yana nuƙu-nuƙu, kukan jariri kuwa yana ta raguwa, har ya koma kamar na ɗan kyanwa.

A sauran lokuta daga nan Baki ke buɗewa, kowa ya dawo ɗakinsa, mu yi tafi, Dada ta ce baƙuwa ta naɗe tabarmarta. Ranar sai ta yi shiru tana tona wuta. Muka jira, muka jira. Na ce, Dada, ya faɗa ko bai faɗa ba?

Ta ce, "Yau ban sani ba. Wani lokaci yana faɗa, wani lokaci ba ya faɗa. Na ga duka biyun da idona."

Ina jin ƙaurin rogona yana ƙonewa amma ban iya miƙa hannu ba. Can sai muka ji murya daga bayan labule, ƙasa-ƙasa.

"Dada, jinin bai tsaya ba. Tun shekaranjiya ƙaruwa yake yi. In na miƙe duhu nake gani. Na ce bari a gama suna tukuna."

Na zaci Dada za ta yi faɗa, don ta iya faɗa. Ba ta yi ba. Cewa ta yi Allah ya yi miki albarka, ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba, ta aika a kira kawunmu ya nemo mota. Ba a kira isha ba sai da suka kama hanyar Rogo, da mai jego da jariri da Dada. A asibiti aka ce wani ɓangare na mabiyiya ne ya maƙale bai fita ba. Aka wanke mata ciki, aka yi mata ƙarin jini, ta kwana huɗu.

Washegari aka raɗa suna, aka yanka rago, aka soya waina, ba mai jego a gida. Da rana Dada ta dawo ɗaukar abinci, sai wata daga cikin baƙi ta ce ai da an ɗan daure zuwa yau da yamma, ba a taɓa ganin suna haka ba. Dada ta ajiye kwanon da ke hannunta.

Ta ce, "Suna ba mai jego yau na gani, ga shi kuma an ci an sha. Jariri ba uwa ma na gani. Shi ne ba na so in sake gani."

Tana faɗa hannunta na kan kaina. Na ji nauyinsa, amma ban gane ba a lokacin. Abin da ya dame ni shi ne an hana ni bin ta asibiti.

Shekaru suka wuce, na yi karatu, na zama malamar firamare, aure ya kai ni Karaye. Za a ce wadda ta tashi da wannan tatsuniya ai ta warke daga ciwon da sauƙi. Ina! Ni ce fa 'yar Rabi mai dauriya, yabon nan yana nan kwance a raina. Da na samu cikin fari ina zuwa awo, ina shan maganin ƙarin jini, ina ganin na gama kula da kaina. Da ciki ya shiga wata takwas sai takalmina ya daina shiga. Na ce ai kowa ma haka yake yi. Kaina ya kama ciwo kwana uku, na ɗaure shi da ɗankwali na tafi aji. Ranar awo saura mako guda, na ce in na je na faɗa. Ba na so a ce amaryar gidan raguwa ce, daga cikin fari ta fara kwanciya.

Wata yamma muna tsince shinkafa da surukata, Hajiya, mace mai kirki da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ina kallon faifai ina ganin wasu 'yan ƙyalli-ƙyalli suna yawo a kan shinkafar. Ta dube ni ta ce yaya jikin. Wallahi kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce da sauƙi, Hajiya. Shi kaɗai ya fita, kamar ba nawa ba. Sai na sunkuyar da kai na ga ƙafafuna a tabarma, sun yi suntum. Na sa babban yatsa na danna, na ɗaga, ramin ya tsaya bai cike ba. Nan take na ji muryar Dada tana cewa Unguwar Takalma mana, can bayan kasuwa. Dariya ta so kama ni, tsoro ya riga ta. Abin da ke cikina ya motsa, na tuna ni ma haka aka haife ni aka bar ni ba uwa.

Na ce, "Hajiya, ba da sauƙi ba ne. Kaina kwana uku yana sarawa, idona yana ganin wuta-wuta, ga ƙafafuna."

Kunyar da na ji a lokacin ba ta faɗuwa. Hajiya kuwa ko faifan ba ta tsaya ɗauka ba, ta ƙwala wa ɗanta kira. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta auna ni sau biyu, ta kira likita. Aka ce jinina ya hau sosai, irin hawan da ke kawo jijjiga, kuma da na jira ranar awo ba su san yadda za a kawo ni ba. Aka riƙe ni, aka sa mini ido da magani, bayan kwanaki aka sa naƙuda ta taso kafin lokaci. Na haifi 'yata, 'yar ƙarama kamar a sa a aljihu, amma muryarta ta cika ɗakin.

Na tafi Falgore wankan gida. Dada ta tsufa, idonta ya yi hazo, Yafendo Hansai ce ta gaji rabin duron, tana da 'ya'ya biyar a lokacin. Na taho da dokokin likita ina fargabar faɗa. An ce ban da kunun kanwa, a rage gishiri, ruwan wanka ya zama mai ɗumi kawai ba mai ƙuna ba, in sha magani kan lokaci, in koma a auna ni. Na ce a raina, tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana dama kunun kanwa yau za a ji mu da ita. Ta saurare ni har na gama, ta ce in an ce yana cutar da ni a zubar, ita ba kanwa take reno ba. Ta sa aka zare itace biyu daga wutar.

Wata yamma yaran gidan suka taru kamar yadda muke yi, Dada ta yi musu Ta-Dauriya. Suka yi dariya a inda muke dariya. Da suka watse da rogonsu aka bar mu mu biyu, ina shayar da 'yata, na ce mata tatsuniyar nan ce ta kai ni asibiti, na tambaye ta a wurin wa ta jiyo ta.

Ta ce, "Ba inda na jiyo ta. Ni na ƙulla ta, a bakin wutar nan, kina kan cinyata kina kukan nono."

Sai ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya mini ba. Ita ta reni Rabi a kan dauriya, kamar yadda aka rene ta. Tun Rabi na ƙarama in ta faɗi ta yi kuka, sai ta ce mace ba ta raki. Da ta zo wankan gida, kwana tara Dada tana ce mata yaya jiki, tana jin da sauƙi, tana fita tana yi wa maƙwabta alfahari da 'yarta. Sai bayan an binne ta wata ƙawarta ta ce ai Rabi ta gaya mata kanta kamar zai tsage, amma ta roƙe ta kada ta faɗa. Dada ta ce ta san kwana ne ya ƙare, ba ta jayayya da hukuncin Allah. Amma da sauƙin nan ita ta sa mata shi a baki da hannunta, kuma tun ranar ta yi alkawari ba za ta ƙara karɓarsa daga bakin mai jego ba.

Na yi kuka a ranar, kukan da ban taɓa yi wa mahaifiyata ba, domin duk rayuwata yabonta aka ba ni, ba a ba ni rashinta ba. Ban ga laifinta ba, ban ga na Dada ba. Har gobe in tsofaffi suka ce Allah ya jiƙan Rabi mai dauriya, amin nake cewa in yi shiru. Amma yanzu na san kula da kai ga mai ciki da mai jego ba a kan nama da ruwan zafi ya tsaya ba, duk da suna da daɗi. Daga baki yake farawa. In maƙwabciyata ta haihu, nakan wuce jaririn in fara zama kusa da ita, kuma ni ma an fara cewa na cika fitina. Ina jin daɗin sunan.

Dada ta rasu 'yata na koyon tafiya, Allah ya haskaka kabarinta. Godiyar da nake mata ba ta da iyaka, domin 'yata ta san fuskar uwarta. In na tuna ta, yammacin nan nake fara gani. Da ta ji na daina kuka, ta lalubo ƙafata a duhun magariba, ta danna babban yatsanta, ta jira ta ji ko wurin zai cike. Sannan ta ce, "To, 'yar Rabi, ina ke ciwo?"

Na gyara zama, na fara mata daga ƙafa.